Goggon da Ta Nuna Mana Kogi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayar babanmu, wadda duk layinmu ke kira Goggo, har waɗanda ba su haɗa komai da ita ba, ta rasu a farkon babban hutun bana, damina ta kankama.

Kwanakin zaman makoki tsakanin murhu da tabarma na yi su. Ƙafafuna suka kumbura, muryata ta dishe da amsa "ya haƙuri". Mata na shigowa rukuni-rukuni, a zauna, a yi addu'a, a shafa, sannan kowace ta ajiye 'yar kalmarta. Wata ta ce, "Baiwar Allah mai haƙuri." Wata ta ce, "Ba ta da abokin faɗa." Matar limamin layinmu ta ce ita dai ba ta taɓa jin Goggo ta ɗaga murya ba. Innata, wadda ta zauna gida ɗaya da ita shekara da shekaru, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi ta toshe baki. Waɗanda ke kusa suka yi ta ba ta haƙuri. Ni kaɗai na san ba kuka take yi ba.

Domin Goggo ba ta da haƙuri, abokan faɗanta kuwa ba su ƙirguwa. Idan ta ɗaga murya a layin 'yan atamfa, masu kayan gini da ke can ƙarshen kasuwa suna jin ta. Na san haka ake yi wa mamaci, a lulluɓe shi da yabon da ake lulluɓe kowa da shi. Amma ina zaune ina saurare, sai na ji kamar wata mata ce daban ta mutu.

Ranar sadakar uku wani ɗan taksi-moto, wato ɗan acaɓa, ƙato da gemu, ya tsaya a bakin zaure. Ya gaisa da maza a waje, sannan ya roƙi a kira masa ɗaya daga cikin 'ya'yan gida. Na fita ban gane shi ba. Ya yi min gaisuwa da Hausar da Sango, yaren garin nan, ya cinye rabinta, ya ce shi ɗan mai wankin nan ne da ya taɓa zama a bayan gidanmu.

"Ita ta fara kai ni bakin kogi," ya ce. "Ba ni da takalmi, ta aro min na wani."

Ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya goge fuska da tafin hannu ya hau babur ɗinsa.

Da yamma kuma aka sauke wata tsohuwa, Kirista, ƙawar Goggo tun suna matasa, wadda a da take zaune a unguwar Miskine. 'Yarta ce ta riƙo ta, don idanunta sun yi rauni. Ba ta zauna cikin mata ba. Ta ce a kai ta ƙofar ɗakin mamaciyar. Ta dafa ƙyauren ta ce, "Ita ti mbi," wato 'yar'uwata, ta sake faɗa, ta sake faɗa. Wasu daga cikin mata suka kalli juna. Da aka ɗaga hannu za a yi addu'a ita ma ta ɗaga nata, ba ta sauke ba sai da 'yarta ta taɓa ta.

Waɗannan biyun ne suka sa na zauna yin rubutun nan, duk da gajiyar da ke jikina.

Atamfa Goggo ke sayarwa a kasuwar Kilomita Biyar. Mijinta ya rasu da wuri ya bar ta da ɗa guda, ta dawo gidan Baba ta kama ɗakin da ke kusa da rijiya. Ba ta rufe rumfa, ko zazzaɓi take yi. Amma da an ba yara babban hutu, wanda muke kira bakans, sai ta ware rana guda a mako, ta bar rumfa a hannun maƙwabciyarta, ta kwashi yaran gida da na maƙwabta ta fita da mu daga unguwa.

Ba ta sanarwa da wuri. Ta ce idan ka gaya wa yaro tafiya tun da nisa, zai gama tafiyar a ransa kafin ranar ta zo, ya je wurin da gajiya. Sai bayan magariba ta leƙo tsakar gida ta ce, "Gobe duk wanda rana ta riga shi wanka, da uwarsa zai wuni." Shi ke nan. Gari na wayewa ka ji guga na ta kai da komowa a rijiya.

Tana da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin gado. Za ta zaɓi ɗaya mai haske ta yayyaga, ta ɗaura wa kowa a damtse. Idan mun shiga cikin jama'a ba fuska take nema ba, ƙyalle take nema. Wanda ya kwance nasa kuwa, mako mai zuwa babu shi, ko uwarsa ta zo roƙo. A kwandonta akwai makala, wato fanke, mai zafi da aka soya da sassafe, da dafaffen ƙwai, da gyaɗa, da jarkar kunun tsamiya, da buta. Tabarma ni nake ɗauka. Sai wani tsohon zane na ko-ta-kwana domin wanda zai jiƙa wando, kuma ba a taɓa dawowa da zanen nan a bushe ba. Ba ta saya wa yaro komai a hanya. "Yaron da ya ƙoshi ba ya bin mai talla," in ji ta.

Mu manyan cikin yaran mun sha jin haushinta. Muna so mu yi sauri, ita kuma tana baya tana bin takun wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Idan muka yi ƙorafi ta ce, "Tafiyar yara da ƙafar ƙaraminsu ake auna ta. Mai gaggawa ya koma shagon ubansa." Kuma la'asar ba ta yi mana a waje. Wasa na tsaka da daɗi za ta ɗaga kai ta dubi dutsen da ke bayan gari. Idan hadari ya zauna masa a ka, sai ka ji, "Naɗe tabarma." Idan babu hadarin ma, naɗe tabarma. Ta ce yaro a dawo da shi yana so a ƙara, kada a dawo da shi yana kuka.

Wuraren ba su da yawa, ba kuma masu nisa ba ne. Wani makon gindin dutse. Wani makon bayan shingen filin jirgi, mu baje a ciyawa muna jiran jirgi ya tashi. Akwai ranar da muka wuni bai tashi ba, muka cinye ƙwai muka dawo, ba wanda ya ji an cuce shi. Akwai gonar wani tsohon abokin cinikinta a bayan gari, inda ake barin mu mu tuge rogo mu gasa. Amma babban wuri shi ne kogi.

Ta cusa mu a tasi mai ruwan ɗorawa, wani a cinyar wani, ta yi ta faɗa da direba kan gudu har mu sauka kusa da inda masunta ke ɗaure kwalekwale. A nan ƙawar tata ta Miskine take gasa kifi. Goggo tana yi mata Sangon kasuwa, ita kuma ta iya 'yan kalmomin Hausa, rabinsu zagi, waɗanda Goggon ce ta koya mata. Ta ba mu kifi da mangbere, rogon nan da ake dafawa a naɗe cikin ganye, su biyu su zauna suna gulmar mazan duniya.

Abin da mutane ba su sani ba, Goggo tsoron ruwa take. Ko yatsa ba ta taɓa tsomawa ba. Da mun sauka za ta ja layi a ƙasa da bakin takalminta ta ce wanda ya tsallaka ya mutu a hannunta kafin ruwa ya ci shi. Daga bayan layin take nuna mana tsallake. "Kun ga can? Wata ƙasa ce." Ƙanena ya taɓa tambayarta ko mutanen can suna cin tuwo. Ta ce, "Duk inda ka hangi hayaƙi, akwai wata uwa tana ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya ci abinci. Sauran kuma ban sani ba."

Baba bai taɓa son wannan fita ba. Duk shekara sai sun yi, kuma kusan kalmomi iri ɗaya.

"Yaya, wai me ake nema a bakin ruwa? Mu 'yan kasuwa ne. Yaro ya sami hutu, ga allo, ga shago."

"Allo kullum ne, shago kuwa har ya mutu. Rana ɗaya na roƙa."

"Mutane suna magana. Babba da ke, kina gaba yara na biye kamar mai kiwon agwagi."

"Su yi ta yi. Kakanka da ƙafa ya zo nan daga ƙasar Hausa, ya ratsa daji da koguna. Ga jikansa yana tsoron tasi. Matsa min, ni na goye ka."

Baba ya matsa. Idan mun dawo kuma shi ne zai fara kiran ƙaraminmu ya tambaye shi me ya gani.

Sai da na girma, wata rana ina taya ta ninke atamfa, ta gaya min dalili. A unguwar nan aka haife ta, amma ba ta ga kogin ba sai da ta yi aure ta haihu. Mijinta ne ya tafi da ita karɓar kaya a cikin gari, suka bi ta bakin ruwa. "Na tsaya da goyo a baya, kunya ta kama ni," ta ce. "Ruwa haka a garinmu, ni ban sani ba. Ranar na ji haushin duk wanda ya rene ni."

Shekaru tana maganar Boali, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse. Matafiya sun ba ta labari har ta haddace. Wata shekara Kawu, ƙanen Inna, wanda ke tuƙi a hanyar Kamaru, ya yarda ya kai mu a a-kori-kurar ubangidansa. Goggo ta ɗaura sabon zane. Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin rurinsa, kamar ana niƙa a ƙarƙashin ƙasa. Sai an gangara matakala kafin a gan shi. Muna kaiwa bakin matakalar autarmu ta ƙanƙame zanen Goggo ta fasa ihu.

Kawu ya ce, "Kawo ta in saɓa, Goggo. Da ta gani za ta yi shiru."

"Bar ta. Yaron da aka nuna wa abu yana kuka, ya tsane shi ke nan. Ku sauka da sauran, ka riƙe min hannun kowa."

Ta koma gindin bishiyar da aka ajiye mota. Muka sauka, muka yi ihu, feshin ruwa ya jiƙa mu sharkaf. Da muka hawo, auta ta yi barci a cinyarta. Kawu ya ce ta ba shi yarinyar ta je ta gani ko da tsaye ne. Ta dubi yarinyar, ta dubi sama inda hadari ya fara haɗuwa, ta ce, "Na ji muryarsa. Ya fi yadda aka ba ni labari. Ku hau mota." Ba ta sake komawa Boali ba.

Sannan shekarun rikicin da ba mu son ambata suka zo. Ba zan tsaya faɗin wa ya yi wa wa me ba. Kowane gida a garin nan yana da wanda yake kuka a kansa, namu Musulmi da nasu Kirista. Unguwa ta rufe. Titin da muke bi da tasi muna waƙa ya zama wurin da ba a tsallakawa. Manyan motocin da ke kawo kaya daga Kamaru suka riƙa komawa cike da mutane. Ɗan Goggo ya hau ɗaya da amaryarsa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana roƙo ta bi shi, ta ce ta tsufa da koyon sabuwar kasuwa. Baba ya kwanta ciwo ya rasu a cikin shekarun. Ni kuma na riga na yi aure a layin da ke bayan namu. Ƙanen maigidana ya fita da babur zai kai fasinja, bai dawo ba, ba a kuma sami abin binnewa ba.

Duk da haka, da lokacin hutu ya zagayo, ko da makarantar ma ba a zuwa, Goggo ta fito da kwando. Ta sami wani mai babban sito ya bar ta ta hau saman benensa da yara. A can take shimfiɗa tabarma ta nuna musu dutse daga nesa, ta nuna musu sashen da kogi yake, bayan rufin kwanon da ba ya ƙarewa. Har ƙyallen take ɗaura musu a damtse, alhali babu inda za su ɓata. Sau ɗaya na bi su, ban iya komawa ba.

'Yata ta fari a haka ta tashi. Wata rana an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, babban lambatun bakin kasuwa ya cika yana tafe da leda da robobi. Yarinyar ta tsaya tana kallo, ta ce, "Goggo, kogin ya kai wannan girma?" Goggo ta kama hannunta suka koma gida. Inna ta ce ranar tuwon Goggo a rufe ya kwana.

Da ƙura ta lafa, mutane suka fara leƙa cikin gari da ɗar-ɗar, Goggo ta shigo gidana wata safiya ta tarar da maigidana yana shan shayi. Ta ce hutu ya zo, za ta kai yara kogi.

Ya ajiye kofin. "Goggo, ki yi haƙuri. Ba da nawa ba."

"Mutane na zuwa suna dawowa."

"Wani ma ya je."

"Allah Ya ji ƙansa. To sai yaushe? Sai sun yi gemu? Kuna so ku rene su cikin kwalba?"

"Cikin kwalbar dai ina ganinsu. Ke kin ci zamaninki, Goggo. Idan wani abu ya faru, ba ke za ki rayu da shi ba."

Ta juyo ta dube ni. Na ce mata maganarsa ita ce tawa, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Ta gyara mayafi ta ce, "To. Allah Ya raya." Ta fita, ta daina shiga gidanmu. Idan na gaishe ta a kasuwa ta amsa kamar mai amsa wa baƙuwa.

Mako na zagayowa ta bar rumfa ta fita ita kaɗai. Ba kwando, ba yaro. Ta hau babur zuwa bakin unguwa, ta shiga tasi, ta tafi kogi. A can ta yi ta cigiya har ta gano ƙawarta, wadda gidanta na Miskine ya ƙone ta koma wata unguwa wajen 'yarta, amma ba ta daina gasa kifi ba. Kafin la'asar Goggo ta dawo, ta ajiye ƙunshin kifi a bakin ƙofarmu, ta wuce ba sallama. Mako na gaba ma haka. Na gaba ma haka.

Da farko maigidana ya ce in kai wa maƙwabta. Daga baya na riƙa sa shi a miya, yana ci bai tambayi inda ya fito ba. Hutu ya kusa ƙarewa, wata rana yana wanke hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki gaya wa Goggo gobe ni zan zauna gaban mota."

Da safe ta zo da kwandonta kamar ba a taɓa yin komai ba. Ta ɗaura wa yarana uku ƙyalle. A bakin zaure maigidana ya cire hularsa ya ninke ya sa a aljihu, kada a gane shi a hanya. Goggo ta gani. Ita da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ranar ta yi shiru.

Muka shiga tasi. Ina ganin jijiyar wuyansa daga baya. Duk inda mota ta rage gudu sai ya dafa ƙofa. Muka wuce gidajen da ciyawa ta fito ta tagoginsu, muka wuce wasu da aka yi wa sabon fenti. Da muka sauka mutane suka kalle mu, suka kalli mayafina, suka ci gaba da harkarsu. Abin da ya faru ke nan. Babu wanda ya ce mana komai.

Autana yana ganin ruwan ya ɓoye fuska a zanena. Na tsakiyan ya ruga sai da Goggo ta daka masa tsawa. 'Yata ta fari kuwa ta tsaya cak, ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta juyo ta tambaya da Sango, don shi ya fi zuwa bakinta, "Wa ya zuba shi?"

Ƙawar Goggo ta yi dariya har da tari. Goggo ta ce, "Wanda ya zuba ki a cikin uwarki."

Maigidana ya yi nesa da mu ya zauna kan wani kifaffen kwalekwale, bayansa muke gani. Ban je ba. Da azahar ta yi ya ɗauki buta ya yi alwala, ya ciro hular ya sa, ya yi sallarsa a gefe. Da ya idar ya bar ta a kansa.

Ni abin da na fi tunawa a ranar ba wannan ba ne. Na waiwaya in tambayi Goggo ko a raba ƙwai, sai na ga ta kishingiɗa a tabarma barci ya kwashe ta, baki a buɗe, yara na wasa a bakin ruwa ba ta sani ba. Ban taɓa ganin ta rufe ido a wajen fita ba. Na ga ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmi. Ranar na san ta tsufa. Ni na dubi dutse, ni na ce a naɗe tabarma.

Shi da ita ba wanda ya ba wani haƙuri. Washegari ya aika mata da ganyen shayi da sukari, ta aiko a ce masa sukarin ya yi kaɗan. Ta ci gaba da shiga gidanmu.

Ta ƙara 'yan shekaru tana fita, kowace shekara wurin na matsowa kusa. Gwiwa ta hana ta hawa babur, ciwon sukari ya ci ƙarfinta, ta bar rumfa. Daga ƙarshe sai dai ta zauna a kujera bakin ɗakinta ta shirya kwando ta miƙa min. Wani makon na kai su, wani makon shago da girki su hana ni, ta yi ta mita har in bar mata gidan. Idan mun dawo yara su kewaye ta suna ba ta labari da Sango, duk a lokaci ɗaya, tana cewa, "Da Hausa, 'yan nema, da Hausa," har gyangyaɗi ya ɗauke ta.

Bara na ce mata mu ɗauki tasi ta kanmu, a kai ta har bakin ruwa, ba sai ta taka ba. Ta girgiza kai. "Na gaji da kallo, 'yar nan. Ku je ku zo min da labari."

Jinyar ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Ta rasu da hantsi, ana yayyafi, Inna na riƙe da hannunta.

Ɗanta bai sami jana'iza ba. Ruwa ya ɓata hanya, motarsu ta kwana a layi a kan iyaka, sai bayan sadakar bakwai ya iso, shi kaɗai, furfura ta fito masa. Tun tafiyarsa zuwansa bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma bai taɓa zuwa da iyali ba. Matarsa ta rantse ba za ta sake taka garin nan ba, ba kuma za ta bar 'ya'yanta su taka ba. Maza suka raka shi maƙabarta. Da ya dawo ya shiga ɗakin uwarsa ya zauna a bakin gado. Na kai masa ruwa.

"Ta bar min wata magana?" ya ce.

Na gaya masa gaskiya. Da jiki ya yi tsanani na ce mata zan kira shi ya taho da yaran ta gan su. Ta ce in kira shi, amma kada in ce ya zo da yara. Ta ce hanyar Kamaru da damina ba ta ƙananan yara ba ce, za su wahala, su tsani garin tun ba su gan shi ba. A bari sai rani, a taso da sassafe, a riƙe musu abinci.

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa.

"Yaran layin nan kaf ta fita da su," ya ce. "Nawa ko sau ɗaya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, muna tare har aka kira la'asar.

Allah Ya ji ƙan Goggo, Ya yafe mata kaifin harshenta, Ya yalwata mata makwanci. Ta gaji, Allah Ya hutar da ita. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu ƙarfin ƙafa. Amin.